Zuwa wankan ruwan zafi na Tafadek, Wikki ko Maroko: kwalliya na biyan kuɗin sabulu?



Duk shekara idan hunturu ya kama, ciwon gwiwa da ciwon baya kan tashi ma tsofaffi. Wata uwa ta koma yin sallah a zaune, wani uba ya kasa hawa amalanke. A irin wannan lokaci ne maganar ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa ke yawaita a majalisa da kuma a waya. Ɗa na Abijan ko na Aljeriya ya aiko da kuɗi ya ce a kai tsohuwa Tafadek. Wani ya saida rago biyu don tafiyar. Wani kuma ya ga hotunan otel mai wurin wanka a Facebook, ya fara tunanin ko can ne lafiyar babansa take.

Tambayar da ke zuwa mana a gidan rediyo ita ce: tafiyar ta cancanci kuɗin da za a kashe? Amsar a taƙaice: ruwan zafi na rage ciwo, wannan gaskiya ne, amma ba ya warkar da cutar da ta kawo ciwon. Kuma mafi yawan kuɗin da za ku kashe, ba ruwan ne zai cinye su ba, hanya ce da masauki. Wanda ya riƙe waɗannan biyun zai iya yin lissafinsa da kansa.

Me ke sa ruwan ya fito da zafi?

Ba wani abin tsoro ba ne. Cikin ƙasa na da zafi, kuma zafin na ƙaruwa gwargwadon zurfi. A mafi yawan wurare, duk kilomita ɗaya da aka nutsa, zafi na ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30. Ruwan sama kan tsiyaya ta tsagar duwatsu ya yi zurfi, ya ɗauki zafi a can, sannan ya samu wata tsaga ya hauro sama tun bai huce ba. Shi ya sa ake samun irin waɗannan maɓuɓɓugai a yankunan duwatsu kamar Ayar, inda aka taɓa yin aman wuta a zamanin da.

A kan hanyarsa ruwan na narkar da abin da ya taras cikin dutse: gishiri, kanwa, farar wuta da sauransu. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ake ji a wasu wuraren, na farar wuta ne. Kowace maɓuɓɓuga da irin nata haɗi da irin nata zafi. Jikin mutum digiri 37 gare shi. Akwai ruwan da bai kai haka ba, kamar na Wikki a Najeriya. Akwai wanda ya haura digiri 90, kamar na Hammam Dabag a yankin Gelma na Aljeriya, wanda har ƙwai ake dafawa a cikinsa. Ke nan ba duk abin da aka kira ruwan zafi ne ɗaya ba.

Abin da ruwan ke yi ma jiki

Na farko, ɗumi na buɗe hanyoyin jini, yana sassauta naman jikin da ya ɗaure, ciwo ya lafa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, shi ne dai gashin da iyayenmu mata ke yi da tsumma da ruwan ɗumi.

Na biyu, ruwa na ɗauke nauyi. Mutum idan ya shiga ruwa har wuya, ƙafafunsa na ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai na nauyinsa. Mai kilo 70 sai ya ji kamar kilo 7. Gwiwar da ba ta lanƙwasuwa a tudu sai ta lanƙwasu a ruwa, kuma wannan motsin da kansa magani ne ga gaɓar da ta sandare.

Na uku, hutu. Matar da ta shekara tana daka, tana ɗiban ruwa, tana itace, idan ta samu sati biyu ba turmi ba guga, dole jikinta ya ji daɗi. Wani kaso na sauƙin da mutane ke ba da labari, daga nan yake.

Binciken likitoci a kan masu ciwon gwiwa na tsufa da masu ciwon baya ya nuna cewa wanka a kai a kai na kawo sauƙin da kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Amma ku lura da kalmar "a kai a kai". A Faransa, inda garuruwa irin su Daks suka yi suna da wannan magani, likita ne ke rubuta ma mutum takarda, a yi masa wanka na kwana 18 cikin sati uku, asusun lafiya na ƙasa ya biya wani kaso. Ba tsoma jiki na yini ɗaya ba ne. Makiyayanmu ma sun san haka: idan suka kai dabbobi lasar gishiri wajen Ingal a ƙarshen damina, ba kwana ɗaya suke yi su juyo ba.

Abin da ruwan ba ya yi

Gurunguntsin gwiwa da ya cinye ba ya dawowa don an yi wanka. Ruwan zafi ba ya maganin hawan jini, ba ya maganin ciwon sukari, ba ya tada ɓarin jikin da ya shanye. Ƙazuwa na buƙatar maganin shafawa, kuma a yi ma duk gidan lokaci guda, a wanke tufafi da shimfiɗa. Kuturta na da ƙwayoyinta da ake bayarwa kyauta a gidajen likita. Gaɓar da ta kumbura ta yi ja, ga zazzaɓi, wannan maganar likita ce ta gaggawa, zafi ma ƙara mata wuta zai yi. Mai tari da rama da ciwon baya da ya daɗe, a fara gwada shi, don tarin fuka kan kama ƙashin baya.

Asarar da ta fi ta kuɗi ita ce ta lokaci. Mutum ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa ya tafi wanka wata guda, ya dawo cutar ta yi nisa.

Wurare uku, kaya iri uku

Tafadek tamu ce. Tana cikin duwatsun Ayar, arewa da Agadas, wajen Cirozerin, ƙasa da kilomita 100 daga birnin. Mutanen yankin sun daɗe da sanin ta, kuma masu sanyin ƙashi da ciwon fata na zuwa daga nesa. Ruwanta ya fi jikin mutum zafi sosai. Wuri ne na karkara, don haka mai zuwa ya tafi da shirinsa: tabarma, bargo mai kauri saboda sanyin dare na Ayar, guzuri da magungunansa. Tsadar Tafadek a hanya take. Daga Tawa zuwa Agadas kusan kilomita 400 ne, daga Damagaram ta Tanut kusan 450, daga Yamai ya haura 900. Daga Agadas kuma sai an nemi mota mai ƙarfi, tunda ƙarshen hanyar ba gudiro ba ne. Da damina ƙoramu kan cika su tare hanya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabarairu. Kafin a tashi, a tambayi hukuma da mutanen Agadas halin da tsaron hanyar ke ciki a wannan makon, kada a dogara da labarin bara.

Wikki tana cikin dajin Yankari a jihar Bauci ta Najeriya. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ma masu ziyara a 1962, kuma tun 2006 gwamnatin jihar ce ke riƙe da shi. Ruwan Wikki garai-garai yake, ana hangen yashin ƙasansa, zafinsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Lita miliyan 21 ke fitowa a kullum su gangara kogin Gaji. Akwai ɗakunan kwana da wurin cin abinci, ana kuma ɗaukar mutane a mota su zagaya daji ko za a dace da giwaye. Birai na yawo cikin sansanin, kuma ba su da kunya wajen wawure abinci. Daga Maraɗi ana bi ta Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, Kano, sannan Bauci, daga nan kuma akwai sauran sama da kilomita 100. To amma ku dubi wannan digiri 31 ɗin. Bai kai ɗumin jikin mutum ba. Ruwa ne na iyo da shaƙatawa, mai daɗin gaske ga iyali da yara, amma wanda ya je neman gashin gwiwa ba zai samu zafin da yake tsammani ba. A Wikki daji da hutu kake saye. Idan su kake so, kuɗinka bai faɗi ba. Mai niyyar ƙetara iyaka ya bincika takardun da ake nema yanzu, tunda Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairun 2025, ya kuma riƙe katinsa na rigakafin shawara.

Na uku shi ne Mulay Yakub a Maroko, kusan kilomita 20 daga birnin Fas. Ƴan uwanmu masu zuwa ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani da ɗalibanmu da ke karatu a can sun san sunan. Ruwansa na da gishiri da farar wuta, yana fitowa da zafin da ya haura digiri 50, sai an rage masa kafin a shiga. Abin lura a nan shi ne gari ɗaya ne amma wanka iri biyu. Akwai wurin wankan jama'a da talaka ke shiga da kuɗi kaɗan, akwai kuma cibiyar zamani mai otel, da tausa, da farin tawul, da ma'aikatan lafiya. Ruwan daga tushe ɗaya yake. Bambancin kuɗin na ɗaki ne, da tsabta, da sirri, da hidima. Wannan darasi ya shafi kowane wurin wanka na alfarma a duniya: ruwan mai tsada bai fi na mai araha magani ba, abin da ke kewaye da ruwan ne ake saida maka.

Wannan ba ya nufin hidimar banza ce. Ga tsohon da ba ya iya tsugunnawa, matakala mai abin riƙewa da makewayi mai kyau da ma'aikacin da zai auna masa tansiyo sun cancanci a biya su. Ga matar da ba za ta iya wanka a idon jama'a ba, ɗaki na keɓe ya cancanci kuɗinsa. Amma turare da kiɗa mai sanyi da furanni a bakin gado ba su rage ciwon gwiwa da komi.

Yadda ake lissafin

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku zauna da takarda ku rubuta abu biyar: kuɗin mota zuwa da dawowa, masauki, abinci, kuɗin shiga da na wanka, sai kuma abin ajiya don lalura, ko ta mota ko ta rashin lafiya. Sannan ku ninka biyu, don maras lafiya ba ya tafiya shi kaɗai. Ku ƙara da abin da ɗan rakiya zai rasa a kwanakin: aikin lambu, cinikin kasuwa, kiwo.

Bayan haka ku raba jimillar da yawan kwanakin da za a yi ana wanka. Ga misali, don a gane hanyar lissafin kawai. A ce iyali sun kashe jika 120, amma kwana biyu rak aka yi a bakin ruwa. Kowace rana ta tashi jika 60 ke nan, kuma kwana biyu ba su isa su yi ma jiki wani abin kirki ba. A ce sun ƙara jika 30 na abinci suka zauna kwana 12. Jimilla jika 150, kowace rana ta tashi jika 12 da rabi, kuma an yi wankan da zai iya amfani. Tafiya mai nisa da zama gajere ita ce mafi tsada. Ga tsoho mai ciwon baya ma, jijjigar mota ta kwana biyu na iya cinye duk sauƙin da ya samo.

Sai tambaya ta ƙarshe, wadda ta fi sauran nauyi: me wannan kuɗin zai yi idan aka tsaya gida? Ganin likita, hoton ƙashi, awon sukari da tansiyo, maganin watanni, ƴan zama wajen masu gashin ƙashi a asibitin jiha, sanda mai kyau, kujerar makewayi, katifa mai tauri. Idan ba a taɓa yin ko ɗaya cikin waɗannan ba, to da su ya kamata a fara.

Ga masu tunanin otel mai wurin wanka, ku tambayi waɗannan kafin ku biya kuɗin kama ɗaki. Wankan na cikin kuɗin ɗakin ne ko daban ake biya? Sau nawa a rana? Ruwan daga maɓuɓɓuga yake zuwa yana wucewa, ko na pampo ne aka ɗumama? Nawa ne zafinsa? Akwai lokacin mata daban da na maza? Akwai ma'aikacin lafiya a wurin, kuma asibiti mafi kusa na da nisan nawa? Wurin da ya kasa amsa waɗannan a waya, hotunansa kawai ke da kyau.

Wa bai kamata ya shiga ba?

Zafi na sa zuciya ta ƙara bugu, yana kuma sauke tansiyo. Shi ya sa wasu ke ganin jiri idan sun miƙe daga ruwa, har su faɗi. Mai ciwon zuciya, mai kumburin ƙafa da haki, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai farfaɗiya, mai zazzaɓi, mai buɗaɗɗen miki, da mace mai ciki, duk kada su shiga sai da izinin likita. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da alaƙa tsakanin wankan jego mai tsananin zafi, da yawan kunun kanwa, da ciwon zuciya ga masu jego. Ke nan zafi mai yawa kaya ne ga zuciya.

Mai ciwon sukari da ƙafarsa ta daina ji na iya ƙonewa bai sani ba, don haka wani ya taɓa masa ruwan da gwiwar hannu tukuna. Mai sikila ya yi hattara da yawan zufa, don ƙarancin ruwa a jiki na tada ciwon. Ƙananan yara jikinsu na ɗaukar zafi da sauri fiye da na manya.

Ga mai lafiyar da zai shiga, iya ruwa fidda kai. Zafin da ya dace shi ne daga digiri 37 zuwa 40. Ruwa mai digiri 50 na ƙona fata cikin ƴan mintoci, mai 60 cikin ƴan daƙiƙoƙi. Minti 10 zuwa 15 sun isa a shiga ɗaya. A fito a hankali, a zauna a huta, a sha ruwa mai yawa, a rufe jiki kafin iska ta buga. Kada a shiga da cikakken ciki, kada a shiga da ƙishirwa, kada tsoho ya shiga ba kowa kusa. Jurewa zafi ba jarumta ba ce, kuma ba ta ƙara ma wankan amfani.

Kada a nutsa kai, kada a shaƙa ruwan a hanci. Akwai wata ƙwayar cuta da ke rayuwa a ruwan ɗumi, tana shiga ta hanci ta kai ƙwaƙwalwa. Ba kasafai ake kamuwa ba, amma wanda ya kamu da wuya ya tashi. Don haka alwala a yi ta da ruwa mai tsabta da aka zo da shi a buta.

Maganar shan ruwan

Mutane da yawa kan cika jarka su kawo gida tsaraba, a riƙa sha da sunan magani. A nan mutanen Maraɗi ba su buƙatar dogon bayani. Abin da ya faru a Tibiri bai ɓace mana ba. Daga wajen 1985 zuwa 2000 jama'ar garin sun sha ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi wadda ke da sinadarin fuliyo fiye da ƙima. Haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan ɗaruruwa suka lanƙwashe. Ruwan kuwa garai yake a ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar wannan sinadari a miligiram 1,5 cikin kowace lita, kuma ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa na cikin ruwan da kan haura wannan iyaka a wurare da dama na duniya. Ruwan da ya dace da wanka ba lallai ne ya dace da sha ba. Muddin ba a auna shi an ce a sha ba, a bar shi a fata, musamman ga yara da masu ciwon ƙoda.

To, a je ko kada a je?

A je idan likita ya duba mutum ya ce ciwon gaɓɓai ne na tsufa ko ciwon baya na yau da kullum, zuciya da tansiyo lafiya lau, ana da halin zama aƙalla kwana goma zuwa sati biyu, hanya na da tsaro, kuma kuɗin ba na hatsin gida ba ne ko na makarantar yara. A tafi da magungunan da aka saba sha, a ci gaba da shan su. A je kuma idan hutu da buɗe ido ake so, an kuma san hutun ake saye.

Kada a je idan ba a san sunan cutar ba tukuna, ko sai an ci bashi, ko sai an saida dabbar da gida ya dogara da ita, ko kuma kwana biyu kawai za a yi a juyo.

Ƴan uwa na ƙetare, ku da ke aiko da kuɗi, Allah ya saka maku da alheri. Shawararmu ita ce ku raba aiken gida biyu. Kashi na farko na ganin likita da awo, a turo maku hoton takardar ta WhatsApp ku gani da idonku. Kashi na biyu ya biyo baya, idan likita ya ce tafiyar ba ta da illa. Wanda kuma bai samu halin zuwa ba, kada ya ɗauka ya rasa komi: gashi da ruwan ɗumi safe da yamma, ɗan tattaki a kullum, motsa gwiwa a zaune, da rage ƙiba ga mai ita, suna ba da kaso mai kyau na wannan sauƙin, kuma kuɗinsu itace ne kawai.

Wanda ya taɓa zuwa Tafadek, Wikki ko wani wuri makamancinsu, ya kira mu a shirin lafiya ya faɗa ma jama'a kwana nawa ya yi, nawa ya kashe, da tsawon lokacin da sauƙin ya ɗauka bayan ya dawo. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.